Hoton MRI: me ya raba na'urar 0.35 da ta 1.5 da ta 3?

Wani ɗan'uwa daga Agege ya aiko da tambaya. Mahaifinsa ya daɗe yana tuƙin tanka tsakanin Apapa da Arewa, yanzu ciwon baya ya sa shi gaba, yana sauka har ƙafar hagu. Likita ya ce a yi hoton MRI. Da ya zaga neman inda za a yi, wata cibiya ta ce tata na'urar buɗaɗɗiya ce, 0.35, kuma kuɗinta da dama-dama. Wata ta ce tata 1.5 ce. Ta uku ta ce 3 ce, kuɗinta kuwa ya fi na kowa. Tambayarsa ita ce: waɗannan lambobi na mene ne, kuma in ya kai Baba mai sauƙin kuɗin, ba zubar da kuɗi zai yi ba?

Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ni aikina kula da irin waɗannan na'urori ne a nan Legas, saboda haka bayanina ta ɓangaren ƙarfe da waya zai zo. Hukuncin ciwon kansa yana hannun likitan da ya duba shi.

Lambobin nan ƙarfin maganaɗisun da ke cikin na'urar ne, kuma da ma'aunin tesla ake auna shi. Game da ciwon baya irin na Baba, in aljihu zai ɗauka, 1.5 zan ce ka je. In bai ɗauka ba, 0.35 da ake kula da ita da kyau takan nuna faifan da ya zame daga tsakanin ƙasusuwan baya ya danne jijiya, ba asara ba ce. Ita kuwa 3, ban ga abin da za ta ƙara masa ba da ya kai bambancin kuɗin, sai fa in likita ne ya ambace ta da bakinsa. Amma kafin ka biya ko sisi, koma wurin likitan ka tambaye shi ko akwai ƙarfin da yake so, musamman in ana tunanin tiyata, domin wasu likitocin tiyata ba sa yarda su yanka mutum da hoton da bai fito sarai ba, kuma biya sau biyu ya fi kowace na'ura tsada.

Ga dalilin da ya sa na faɗi haka.

Jikin mutum galibinsa ruwa ne da kitse, kuma dukansu cike suke da sinadarin haidurojin. Ƙwayar da ke tsakiyar haidurojin ita kanta ɗan mitsitsin maganaɗisu ce. In aka shigar da mutum cikin babban maganaɗisu, wani ɗan kaso na ƙwayoyin nan sai su fuskanci gefe guda. Na'urar ta aika musu da igiyar rediyo ta ture su, in ta ɗauke sai su komo yadda suke, suna fitar da wani siririn amo na igiyar rediyo, wanda kunne ba ya ji. Wannan amo kwamfuta ke tattarawa ta mai da shi hoto. Babu hasken eksire a cikin lamarin ko kaɗan. A tesla 1.5 amon yana kusan megahaz 64, a tesla 3 kusan 128, wato maƙwabtan tashoshin FM ne da ke tsakanin 88 da 108. Shi ya sa ake lulluɓe ɗakin da fallen jan ƙarfe ta ko'ina, har ƙofa da taga, don kada gidajen rediyon Legas su kutso cikin hoton bayan mutum.

Amon nan ƙarfinsa yana tafiya da ƙarfin maganaɗisu. Ka ɗauka wani ne ke maka raɗa a tsakiyar kasuwar Mile 12 da hantsi. In muryarsa ba ta da ƙarfi, dole ya yi ta maimaitawa kafin ka haɗa abin da yake cewa. Na'ura mai ƙaramin ƙarfi haka take aiki, tana maimaita awo sau da yawa, lokaci ya yi tsawo, kuma duk da haka ƙananan abubuwa kan ɓace mata. Duk sauran bambancin daga nan ya taso.

Hanyoyin samar da wannan ƙarfi uku ne, kuma kowace hanya tana zuwa da nata ɗawainiyar.

Ta farko ita ce maganaɗisu na dindindin, irin wanda ke bayan lasifika, sai dai wannan ƙato ne. Buɗaɗɗiyar da aka gaya maka mai 0.35 kusan tabbas irinta ce. Faifai biyu ne manya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, an haɗa su da ginshiƙin ƙarfe, mara lafiya ya kwanta a tsakani, gefensa a buɗe. Na da ana yin su ne da wani haɗi na tsatsar ƙarfe da ake gasawa, nauyin wasu har ya kusa tan 100. Da aka gano haɗin niyodimiyam da ƙarfe da boron a farkon shekarun 1980, a Japan da Amurka kusan lokaci guda, sai nauyin ya ragu sosai, ko da yake har yau na'ura mai 0.3 ko 0.4 takan haura tan 10. Ba a ɗora irinta a bene sai injiniyan gini ya sa hannu, kuma a unguwannin da aka cike ruwa da yashi aka yi gini, sai an yi wa daɓen ɗakin ginshiƙi na musamman. Ƙarfinsu yakan tsaya tsakanin 0.2 da 0.5, domin in ana son fiye da haka nauyi da kuɗi sun wuce hankali.

Abin da ya sa 'yan kasuwar lafiya a ƙasar nan suka rungume ta a fili yake: maganaɗisun ba ya cin wuta don ya zama maganaɗisu, kuma ba ya buƙatar hiliyam, iskar da ake sanyaya manyan na'urorin da ita. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙirga na'urorin MRI 84 a Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, kuma mafi yawansu masu ƙaramin ƙarfi ne. Ba rashin sanin ta zamani ba ne, lissafin wuta da dala ne.

Sai dai kada a ce ba ruwanta da NEPA. Wannan maganaɗisu yana da saurin jin zafi da sanyi. In ɗuminsa ya ƙaru da digiri 1 kacal, ƙarfinsa kan ragu da kamar kashi 1 cikin 1,000, alhali hoto yana buƙatar daidaito na kashi kaɗan cikin miliyan. Don haka ake sa masa abin ɗumamawa da ke riƙe shi a ɗumi ɗaya dare da rana, ɗakin kuma da na'urar sanyaya iska. Cibiyar da ke kashe komai da dare don tsimin man dizal, ta kunna da safe ta kwantar da mutum nan take, hotonta ba zai yi kyau ba, kuma ba laifin lambar 0.35 ba ne. Haka nan manyan ƙarafa masu motsi suna damunta. Tirela ko doguwar bas da ke wucewa dab da bango, ko lif da ke hawa da sauka a ginin, suna iya karkata filin maganaɗisun su bar zane-zane a hoto. A garin da ake mai da gidan haya na bakin titi asibiti, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Tana da nata alherin da ba a cika faɗa ba. Mai ƙiba da ba zai shiga ramin rufaffiyar na'ura ba, mai tsoron matsatsin wuri, yaron da ba zai kwanta ba sai uwarsa na riƙe da hannunsa, dattijon da numfashinsa ke sama in an rufe shi, duk buɗaɗɗiyar ta fi musu. Ƙararta ba ta kai ta manyan ba. Kuma wanda aka taɓa sa wa ƙarfe a ƙashi, in ƙarfen irin wanda aka yarda a shiga da shi ne, inuwar da yake yi a hoto ta fi ƙanƙanta a ƙaramin ƙarfi.

Hanya ta biyu ba sai na daɗe a kanta ba, don da wuya ka ci karo da ita. Naɗin wayar jan ƙarfe ne ko alminiyam, a sakar masa wuta ya zama maganaɗisu, a ɗauke wuta ya mutu. Na'urar da John Mallard da abokan aikinsa suka ƙera a Aberdeen ta ƙasar Sikotilan, wadda ta ɗauki hoton mara lafiya a 1980, irin wannan ce, ƙarfinta 0.04 kawai. Matsalarta zafi. In ka ninka wutar don ka ninka ƙarfi, zafin sau 4 zai ninka, sai an yi ta zagaya ruwa ana sanyaya wayar, ga cin wuta kamar ƙaramar masana'anta. Akwai dai wadda kamfanin Fonar ke yi mai 0.6, da ake ɗaukar mutum a zaune ko a tsaye. Amma na'urar da ke son wuta mai yawa, marar rawa ko kaɗan, ba ta dace da Legas ba.

Ta uku ita ce sarauniyar fagen, kuma duk inda ka ji 1.5 ko 3, ita ce. Asalinta wani bincike ne na 1911 a garin Leiden na ƙasar Holan, inda Heike Kamerlingh Onnes ya gano cewa wasu ƙarafa in aka sanyaya su matuƙa, wuta na ratsa su ba tare da wata turjiya ba. Shi ne kuma ya fara mai da iskar hiliyam ruwa a 1908. A cikin na'urar akwai waya mai tsawon kilomitoci da yawa, ta haɗin niyobiyam da titaniyam, an lulluɓe ta da jan ƙarfe, an naɗe ta, an tsoma ta cikin ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Ranar da aka kafa na'urar, injiniyoyi kan zo da akwatin wutarsu su ɗura mata ɗaruruwan amfiya a hankali, su rufe da'irar, su cire akwatinsu su tafi da shi. Wutar nan za ta yi ta zagaya wayar shekara da shekaru ba wanda ya ƙara mata. Wato ba wutar NEPA ce ke riƙe maganaɗisun ba, sanyi ne ke riƙe shi.

To, sanyin ne kuma ke cin kuɗin. Na'urorin da aka saba gani suna ɗauke da lita 1,500 zuwa 2,000 na ruwan hiliyam. A saman na'urar akwai wani injin da ke kama hiliyam ɗin da ya fara zama tururi ya mai da shi ruwa. In ka shiga ɗakin ka ji wani ɗan sauti yana tafiya a jere ba tsayawa, tsut, tsut, tsut, ko da ba a ɗaukar kowa, shi ne, kuma mu jin sa kwanciyar hankali ne. Wannan inji yana dogara da kwamfureso, kwamfureso yana dogara da na'urar sanyaya ruwa da ke waje tana shan rana da iskar gishirin teku, ita kuma tana dogara da wuta awa 24. In wuta ta ɗauke janareta bai tashi ba, maganaɗisun ba zai mutu nan take ba, amma hiliyam zai fara tsiyayewa ta sama. In aka kwana biyu a haka, asarar ta fara yawa. Hiliyam kuwa daga rijiyoyin iskar gas na wasu ƙasashe ƙalilan ake tace shi, irin su Amurka da Katar da Aljeriya da Rasha, mu shigo da shi muke yi, da dala. Ko sabuwar na'ura ma da sanyinta ake turo ta daga masana'anta, don haka duk kwanan da ta ƙara a tashar jiragen ruwa tana jiran takardu, hiliyam ne ke bin iska. In ka ga kuɗin hoton 1.5 ya yi maka nauyi, kaso mai tsoka na ciki dizal ne da hiliyam da kwangilar gyara.

Abin da kake saya da wannan kuɗi shi ne amo mai ƙarfi da fili mai daidaito. Ana iya yanka hoton siriri-siriri, a ga ƙananan jijiyoyi, a danne hasken kitse don kumburi ko ƙari ya fito fili, a gama cikin minti 20 zuwa 30 abin da ƙaramar za ta ɗauki kusan ninkinsa. Ga mai ciwon baya da kwanciya wuri ɗaya ke ba shi wuya, wannan saurin kansa riba ne, domin motsi kaɗan yana ɓata hoto. Akwai kuma ayyukan da ban yarda a kai su ƙaramar na'ura ba in akwai yadda za a yi: neman shanyewar ɓarin jiki a sa'o'inta na farko, hanta da hanyoyin matsarmama, zuciya, nono, furostet, da hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa.

Tesla 3 fa? Amonta ya kusa ninka na 1.5, kuma tana haskakawa a wurin neman musabbabin farfaɗiya, ƙananan ƙari a gindin ƙwaƙwalwa, furostet, da ƙananan gaɓoɓi irin wuyan hannu. Amma ba kyauta take ba da wannan ba. Zafin da igiyar rediyo ke sa wa jiki yakan kai ninki 4 na wanda ake samu a 1.5, inuwar ƙarfe a hoto ta fi girma, kuma akwai abubuwan da ake dasa wa mutane a jiki waɗanda aka yarda da su a 1.5 amma ba a yarda da su a 3 ba. Ina ganin tallan da wasu cibiyoyi ke yi da lambar 3 kamar ita ce maganin kowace cuta, ba na jin daɗinsa. Hoton 1.5 da ƙwararre ya ɗauka, likitan hoto mai natsuwa ya karanta, ya fi na 3 da aka ɗauka a gurguje. Sama da nan akwai 7, da aka fara yarda a duba marasa lafiya da ita a 2017, da wata mai 11.7 a kusa da Faris ta Faransa da ta fitar da hotunan ƙwaƙwalwar mutum na farko a 2024. Waɗannan na masu bincike ne.

Ƙarar da ke firgita mutane, wadda ta kan wuce desibel 100, ba daga babban maganaɗisun take fitowa ba. Wasu ƙananan naɗe-naɗen waya ne a cikin ramin, da ake kunnawa ana kashewa da sauri don na'urar ta san daga wane sashen jiki amo ya fito. Duk kunnawa sai sun girgiza. Ka tabbata an ba Baba abin toshe kunne, kuma ka gaya masa tun a gida cewa za a yi ta bugu kamar ana aikin ƙira, kada ya zaci lalacewa ta yi.

Yanzu maganar da ta fi duk lambobin nan muhimmanci gare ku. Na dindindin da na hiliyam, dukansu ba a kashe su. Ko an ɗauke wuta, ko ranar Lahadi ce, ko ba kowa a ɗakin, maganaɗisun na nan da ƙarfinsa. Na 1.5 ya ninka maganaɗisun doron ƙasa kusan sau 30,000. A 2001 maganaɗisun MRI ya fizgo tukunyar iskar oksijin ta kashe yaro ɗan shekara 6 a jihar New York, a 2018 kuma wani mutum ya rasa ransa a Mumbai ta Indiya a kan irin wannan tukunya. Saboda haka in ma'aikaciya ta tsare ku da tambayoyi a bakin ƙofa, ba wulaƙanci ba ne.

Mu mutanenmu akwai abubuwan da takardar tambayoyin Turawa ba ta san da su ba. Laya da guru da kambu, ba wanda ya san abin da aka ɗinke a ciki, wani lokaci har da allura ko guntun ƙarfe. Dattijo ba zai faɗa wa yarinya ma'aikaciya cewa yana ɗaure da abu a ƙugu ba, don haka kai ne za ka yi masa maganar a gida cikin ladabi, a cire a ajiye, in an fito a mayar. Haka 'yar wuƙar aljihu, abin yankan farce, makulli, carbi mai ƙarfe, agogo, waya da katin banki. Mata kuma allurar ɗaure hijabi da ƙarfen rigar mama da abin kama gashi, kuma a wanke kwalli in hoton kai za a yi, don wani kwallin yana da ƙarfe a ciki. Haƙorin Makka galibi ba ya jawuwa, amma a faɗa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ke cikin jiki: na'urar daidaita bugun zuciya, ƙarfen da aka maƙale jijiyar ƙwaƙwalwa da shi, harsashi ko ɓarɓashinsa da ba a cire ba. Direban babbar mota kuma ya sha tsayawa kan makanikai da masu walda, wataƙila ma ya sha kama guduma da kansa. In tsinin ƙarfe ya taɓa faɗa masa a ido, ko shekara nawa ne, a faɗa, a fara ɗaukar eksire na idon tukuna. Maganaɗisu na iya motsa ɗan ɓarɓashin nan ya tsiyayar da ido.

Akwai jan maɓalli a bango da ke kashe na hiliyam cikin gaggawa, amma ba a taɓa shi sai rai na cikin haɗari. In aka danna, wayar ta yi ɗumi, wutar da ke cikinta ta koma zafi, hiliyam ya tafasa gaba ɗaya. Lita 1 ta ruwan takan zama iska lita 700 da wani abu, shi ya sa ake fitar da ƙaton bututu ta rufin gini, don in ta taru a ɗaki za ta kore iskar shaƙa. Bayan nan sai a nemo sabon hiliyam da injiniya, na'ura ta yi makonni a kwance. Keken guragu ko bokitin mai shara da ya manne a jikin na'ura ba ya sa a danna shi, sai dai a kira masu ita su sauke ƙarfin a hankali.

Wannan ɗawainiya ta hiliyam ce kamfanoni suka fara warwarewa, kuma ni a ganina nan ne alherin ƙasashe irin tamu yake, ba a tseren lamba ba. A 2018 Philips ya fito da mai 1.5 da aka rufe lita 7 kacal a cikinta, ba ƙari, ba bututun rufi. Siemens ya biyo da mai 0.55 da hiliyam ɗinta bai kai lita 1 ba, faɗin raminta santimita 80, alhali tsofaffin 60 ne, na baya-bayan nan 70. Kwamfutocin yanzu sun iya tace amo fiye da na da, shi ya sa ƙaramin ƙarfi ya fara dawo da martabarsa. Har akwai wata ta kamfanin Hyperfine mai 0.064, maganaɗisun dindindin ce a kan taya, ana tura ta bakin gadon mara lafiya a jona ta a soket ɗin bango, amma kai kawai take ɗauka. Su ma rufaffun nan na Philips da Siemens suna son wuta, in ta daɗe a ɗauke sukan sauke ƙarfinsu, sai dai hiliyam ɗin ba ya guduwa, in wuta ta dawo a sake tayar da su.

In ka je cibiyar da ka zaɓa, ka tambaya ko likitan hoto ne zai rubuta rahoton da sa hannunsa, kuma kwana nawa zai ɗauka. Ka nemi a ba ka hotunan duka a faifai ko a filashi, ba 'yan zaɓaɓɓun da aka buga a fim kawai ba, domin likitan ƙashi ko na jijiya zai so ya duba su yanka-yanka da idonsa. In Baba na shan maganin rage ciwo, a tambayi likita ko zai sha kafin a shiga, don ya iya kwanciya a rigingine ba motsi har a gama.